Hannun Auduga da Ƙarnin Kifi

Duk layin nan babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Auduga ake ce masa. Ba don fari ba, don shi baƙi ne wuluk. Ba kuma don rashin nauyi ba, tun da in ya zauna a benci sai ka ji bencin yana neman agaji. Hannunsa ne ya jawo masa sunan. In ya kwantar da kai a kujerar askinsa, ya shafa maka kumfa, ya ɗora aska a kumatunka, ba za ka san an taɓa ka ba, sai dai ka farka ka ga gemunka a ƙasa. Magidanta da yawa sun yi minsharin da ko matansu ba su taɓa ji ba a kan wannan kujera.

Shagon ɗan mitsitsi ne. Kujera ɗaya ce mai juyawa, ita ma ta daɗe da daina juyawa hagu. Sai madubi mai tsaga a kusurwa, da fanka mai surutu, da benci na masu jiran layi da masu zuwa hira kawai, waɗanda sun fi masu askin yawa. A kan kantar shagon kuwa komai a jere yake: aska, almakashi, injin aski, mataji, hoda, da ɗan hantsakin da yake tsige gashin kunne. Ka taɓa masa kuɗi ya yafe maka, amma ka gusar masa da mataji ka ga tashin hankali.

Yana da doka ɗaya da ya riƙe shekara talatin da ɗoriya: ba ya cin kifi, ba ya taɓa kifi, in mai tallan kifi ta tsaya a ƙofar shago sai ya ɓoye hannuwansa a aljihu kafin ya sallame ta. Dokar ba tasa ba ce, gado ce. Ranar da ya fara koyon aiki, ubangidansa ya kama masa yatsu ya ce, "Ka ga waɗannan? A ƙarƙashin hancin mutane za su wuni har ka tsufa. Kada ka kuskura ka taɓa kifi da su. Ƙarni ba ya jin sabulu. Ranar da mutum ya ji shi a hannunka, ba zai ce maka komai ba, amma ba zai dawo ba." Auduga ya ɗauki maganar ya zuba a ƙirji ya kulle.

To me yake ci? Af, tambaya! Maƙwabcin shagonsa mai gasa nama ne. Kullum da azahar sai a miƙo masa ƙunshi ta taga, kuma shi ba ya son tsoka, ya ce tsoka abincin marasa lafiya ce. Kitse yake so, mai ɗiga, a barbaɗa gishiri har ya yi fari, a yanka albasa a tula. Ya ci da hannu, ya suɗe yatsu, ya wanke da sabulu mai ƙamshi, ya kira na gaba.

Matarsa tela ce, a gida take ɗinki. Ɗakin da ke kusa da ƙofa shi ne shagonta, da kekenta, da tulin yadudduka na mata masu jiran kaya. Ita a gidan masu cin kifi ta tashi, tana iya ba kan kifi haƙƙinsa har ba abin da zai saura sai idanu. Amma tun da ta shigo gidan Auduga ta haƙura. In kwaɗayin ya ci ƙarfinta sai ta tafi gidan yayarta ta ci ta more, ta yi wanka, ta dawo kamar ba ita ba. Shi kuwa yana shiga gida sai ya ɗaga hanci ya ce, "Tela, yau an je gaishe da Yaya ke nan." Ta ce, "An je, tana gaishe ka."

Ana nan, wata rana da hantsi, yana yi wa Tsohon Direba gyaran gemu. Tsohon Direba shi ne ya fi kowa daɗewa a wannan kujera, kuma ya fi kowa tsegumi. Ruwa ya yi sanyi, tawul ya yi kaushi, fanka tana hura masa kunne, babu ranar da ba ya samun abin faɗa. Auduga ya gama ɓari ɗaya, ya juyo ɗayan, sai kawai aska ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Ya sunkuya zai ɗauka, yatsun suka ƙi. Ya kalli hannun, ga shi nan dai a jikinsa, amma kamar na aro. Ya buɗe baki zai yi magana, harshen ma ya yi nauyi.

Ba a daɗe ba abin ya sake shi. Ya murza yatsu ya yi dariyar yaƙe ya ce, "Ba komai, kwanciya na yi a kansa." Tsohon Direba ya fizge tawul daga wuyansa ya miƙe, rabin fuska fes, rabi kumfa. Ya ce, "Kwanciyar lafiya? A tsaye kake kwanciya? Wuce mu je asibiti, ko in ɗauke ka a kafaɗa a yi abin kunya." Haka ya tuƙa shi da rabin gemu, mutane na kallo suna dariya a hanya.

Likitar yarinya ce, sa'ar autarsa, amma bakinta ba na yara ba ne. Ta auna shi, ta sa aka ɗebi jini, ta sa ya ɗaga hannu ya sauke, ya yi murmushin dole. Da sakamako ya fito ta zaunar da shi ta ce, "Baba, jininka ya hau, kuma kitse ya yi maka yawa a jini. Abin da ya same ka gargaɗi ne. In ya dawo, ba lalle ya sake ka ba."

Auduga ya san abin da take nufi fiye da yadda take zato. Ubangidansa, mai dokar kifi, haka ya ƙare. Rana ɗaya ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun da ya yi wa rabin gari aski ya koma yana kwance a cinya, ko mataji ba ya iya riƙewa. Auduga ne ke zuwa duk mako yana yi masa aski a gida, tsohon yana kallon hannun almajirinsa, hawaye na bin kumfa. Wannan abu bai taɓa barin zuciyar Auduga ba. Ba mutuwa yake tsoro ba, a bar shi da rai a ɗauke masa hannu yake tsoro.

Likita ta rubuta magani, ta ce kullum, ba sai ya ji ciwo ba. Ta ce ya riƙa takawa da ƙafa, ya rage gishiri, ya yi sallama da kitse. Duk yana gyaɗa kai, har ta zo kan abinci. Ta ce, "Maimakon naman nan, ka riƙa cin kifi, ko sau biyu a mako. Mai maiƙon nan ya fi, irin su sardin, man da ke jikinsa yana taimakon zuciya da hanyoyin jini, ba irin kitsen da ka saba ba ne. Dafaffe ko gasasshe, kada a nutsa shi a mai. In ka samu jatan lande ma ka ci. Ba wai zai maye gurbin magani ba, amma maza masu shekarunka da tumbinka, yana yi musu rana."

Ya ce, "Likita, ni mai aski ne."

Ta ce, "Sannu da aiki. Sai aka yi yaya?"

Ya zayyana mata dokar tun daga tushe. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tuntsire da dariya har tana riƙe tebur. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Amma dai ni a nan ina ganin hannuwa iri-iri, kuma ban taɓa kwantar da kowa saboda ƙarni ba."

A gida aka shiga gwaje-gwaje, kuma wallahi da an sayar da tikiti da an cika ɗaki. Ya fara da cokali, ya ce shi ba zai taɓa ba. Loma ta biyu ƙaya ta tsaya masa a maƙogwaro, ya yi ta kakari yana kiran sunan Allah, Tela na dukan bayansa tana tura masa burodi. Ya koma ɗaura leda a hannu, ledar ta tsage a babban yatsa, ya wuni yana shinshinar yatsan yana tsaki. Ya gwada na gwangwani, likita ta ce ya duba gishirin da ke ciki. Ranar nan ya ture kwano ya ce, "Na gaji. Kifin nan ba ya ƙaunata, ni ma ba na ƙaunarsa. A bar ni da maganin kawai."

Tela ta ɗauke kwanon. Washegari da ya dawo cin abincin rana, sai ga faranti a rufe. Ya buɗe, tsokar kifi ce zalla, fara tas, an ɓare ta sala-sala, babu fata, babu ƙaya ko ta rantsuwa, ga romo da ganye, ga cokali a gefe. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ga shi an yi maka irin na jarirai. Saura kuma ka ce cokalin yana ƙarni."

Ya ci. Ya ƙara. Ya kalli kwanon ya kalle ta ya ce, "Dama haka abin nan yake da daɗi kika yi shiru shekara da shekaru?" Ta ce, "Ka ji shi fa."

Daga nan kuma sai Auduga ya zama bala'i. Watanni suka shuɗe, tumbi ya fara ja da baya, ya huda sabon rami a bel, yana zuwa shago a ƙafa ba ya haki. Duk zuwan da zai yi asibiti likita na cewa madalla, a ci gaba da magani, a ci gaba da abin da ake yi. Shi kuwa maganin da tafiyar duk ya manta da su a labari, kifi kaɗai ya sani. Mutumin da jiya yake ɓoye hannu a aljihu, yau shi ne mai wa'azin kifi. Kuma ka san wa'azin mai aski ba a tsere masa, aska na wuyanka ina za ka?

"Kai, dubi ƙeyarka, ninki uku! Yaushe rabonka da kifi? Namiji in ya haura arba'in, zuciyarsa lallashi take so."

'Yan benci su ce, "Auduga, zuciya kaɗai yake gyarawa, ko har da sauran ma'aikatan gidan?" A kwashe da dariya. Ya ce, "Ku dai ku ci, in an ga canji a gida a zo a yi mini godiya." Mai gasa nama ya daina gaishe shi na wani lokaci, ya ce ya kashe masa kasuwa. In aka tambaye shi yadda yake yi da dokar ubangidansa, sai ya ɗaga hannuwan nan biyu yana juya su a gaban madubi, ya ce, "Ku shinshina. Ni da kifi sai dai a cokali. Ai dabara ce." Dabarar wa? Bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ba, kuma wannan shi ne abin da ke ba ni haushi da maza irinsa.

Wata rana ya manta maganinsa a gida, ya koma ɗauka kafin azahar, lokacin da bai saba dawowa ba. Yana sa ƙafa a ƙofa ya ji murya a ɗakin ɗinki, muryar wata mata da ta daɗe tana kawo kaya.

"Ni fa ba faɗa na zo yi ba. Ɗinkinki babu na biyunsa. Amma jiya na sa rigar nan na shiga taro, wadda ke kusa da ni ta tambaye ni ko daga kasuwar kifi nake. Wancan karon na yi shiru, na wanke. Yanzu kam ki ba ni sauran yadina."

Ya ji Tela na ba da haƙuri da wata ƙaramar murya da bai san tana da ita ba. Matar ta fito da ƙunshinta, ta gaishe shi a tsaitsaye ta wuce.

Ya leƙa ɗakin. Sai a lokacin idonsa ya ga abin da ya daɗe yana kallo. Tulin yadudduka da ke kaiwa taga ya koma 'yan ƙyallaye a kusurwa. Igiyar tsakar gida cike da sababbin ɗinki da aka baza suna shan iska, shi da yake zaton wani sabon salo ne na teloli. A ƙasa kusa da keken ɗinki ga kwanon kifin yau, an ɓare rabi, ga tabarau a kan hancinta don ƙananan ƙayoyin ba sa ganuwa, ga ɓawon lemun tsami da sabulu a roba. Ya kama hannunta ya juya. Yatsun sun tsattsage saboda wanki, duk sun yi sawun ƙaya.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Me fa? Oho, wannan? Bar ta, dama ta cika iyayi."

"Su nawa suka kwashe kayansu?"

Ta zare hannunta ta ce, "Yadi yana da kama wari, shi ke nan. In na wanke hannu sai in ga kamar ya fita, ashe bai fita ba. Wuce ka sha maganinka."

Kunya ta rufe Auduga, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai ajiye idonsa. Wato duk ɗaga hannun nan da yake yi a gaban madubi, ƙarnin bai ɓace ba, gida ya aiko shi. Ya ce, "To an gama. Daga yau an daina kifi a gidan nan."

Tabɗi! Ashe bai taɓa ganin fushin Tela ba sai ranar. Ta cire tabarau ta ajiye a kan keke ta ce, "Ka daina ka gani! Ni na ga ubangidanka, ko ka manta tare muke zuwa? Ni na riƙa ba matarsa haƙuri a ƙofar ɗaki. In duk matan duniya za su kwashe yadinsu, su kwashe. Ni dai ba zan zauna ina kallon wani yana yi maka aski a tsakar gidan nan ba." Ta juya tana neman zaren da bai ɓata ba.

Abin da ya faɗo masa a rai shi ne hannun tsohon nan a kan cinya. Duk mako in ya gama yi masa aski yakan goge masa shi da tawul. Hannu ne mai tsabta, ba ya warin komai sai sabulu, har ya koma ga Allah bai karya dokarsa ba. Kuma bai hana shi zama a cinya ba.

Ya fita. Can sai ga shi ya dawo da sabon ɗan hantsaki a takardarsa. Ya naɗe hannun riga, ya jawo kujera 'yar tsugune, ya ɗauki kwanon kifin ya ɗora a gwiwa. Tela ta ce, "Baban Auta, me kake yi haka?" Ya ce, "Aiki. Matsa mini daga haske."

To, ka san hannun da ke bin kumatun mutum ba ya yanka shi. Ya tsaga kifin ta baya, ya ɗaga ƙashin tsakiya gaba ɗaya, sannan ya bi da yatsa yana lalubo ƙananan, yana tsige su ɗaya bayan ɗaya kamar gashin kunnen Tsohon Direba. Abin da ke cin rabin wunin Tela, kafin ruwan shayi ya tafasa ya gama. Ya kalli aikin ya ce, "Kai, ashe sana'a biyu gare ni ban sani ba."

Fitar ce ta zama aiki. Ya wanke hannu da sabulu, ya goga lemun tsami, ya sake wankewa, ya shinshina, ya ji kamar yana nan. Ya kama hanyar shago gabansa na faɗuwa kamar ranar da ya fara riƙe aska. Kuma don a cika masa jarrabawa, wa zai tarar a kujera ya miƙe ƙafa yana jira? Tsohon Direba, sarkin tsegumi.

Ya shafa kumfa yana nesa-nesa da hancin. Ya yi kumatu, ya yi haɓa. Saura gashin baki, kuma gashin baki ba a yin sa sai an ɗan ɗaga hanci da yatsa biyu. Ya yi bisimilla ya ɗaga. Tsoho ya ja numfashi, ya buɗe ido ɗaya.

Auduga ya ce, "Faɗi kawai, Direba. Ka ji wani abu ko?"

"Na ji kifi."

Auduga ya ce, "To, ka yi haƙuri. In ka ga ba za ka iya ba, ba zan ga laifinka ba."

Tsohon Direba ya buɗe ɗaya idon ya ce, "Ba zan iya me ba? Kai Auduga, shekara talatin hannun nan naka warin albasa da kitse yake yi. Duk wanda ya zo bayan azahar ya sani. Ka ɗauka sabulun nan naka yana wani abu ne? Tambayi 'yan benci."

'Yan benci suka ce, "Wallahi kuwa! Wani lokaci har yunwa yake sa mu."

"Kuma ba wanda ya faɗa mini?"

"A faɗa maka aska na wuyanmu? Mu hannun muke zuwa wa, ba turare muka zo saya ba. Ranar da ya saki aska a gabana, ka san kwana nawa na yi ban ji daɗin abinci ba? Ya yi ƙarnin duk abin da ya ga dama, in dai yana motsi. Ƙarasa mini gashin bakina, ka bar ni da hanci a sama."

Auduga ya yi dariya har sai da ya ajiye aska ya goge ido, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba.

Yanzu in ka bi ta gidansu da hantsi ranar kifi, za ka same shi a tsakar gida da kwano a gwiwa da hantsakinsa, keken ɗinki na ruri a ɗakin kusa da ƙofa. Ya kafa sabuwar doka, don shi ba ya rayuwa babu doka: Tela ba ta taɓa kifi. Faranti biyu yake ɓarewa, kuma wanda ya fi tsoka shi ake sa wa cokali a kai mata har kan keke. Kan kifin ne kawai suka yi rigima a kansa, ta ce wannan ba a cin sa da cokali, aka yi sulhu a kan sai ranar da ba ta da ɗinki. Yadudduka sun fara taruwa kuma, har mai iyayin nan ta dawo da nata, ba ta ce komai ba, ita ma Tela ba ta ce ba.

Ranar farko da ya kai mata farantin, ta kalli cokalin ta kalle shi, ba ta ɗauka ba. Ta kamo hannunsa na dama ta kai hancinta.

Ta ce, "Yana ƙarni."

Ya ce, "Na sani, yanzu zan wanke."

Ta ce, "Tsaya tukuna. Matse hannuna in ji."

Ya matse. Ta ce ya ƙara. Ya ƙara, har ta ce wash. Sannan ta sake shi, ta ɗauki cokalinta ta fara ci.